Akwai Dalma a Tukunyar Dalma

Jiya ina wucewa ta bayan labo, ɗakin gwajin nan namu, na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai karatun nan da kuka zaɓa hutu ne. Wai ka ɗauki na'urar nan mai kama da bindiga, ka ɗora bakinta a kan ƙarfe, ka danna, ta rubuto maka duk abin da ke ciki, kai kuma ka kwafe ka kai wa malamai su ba ka digirin mastar. Ban juya ba, amma na gane muryar. Ba zan kama suna ba, mai ita ya san kansa, ga shi can yana ta duba takalminsa. To ku ajiye wayoyin nan, in gaya muku yadda muka yi aikin kafin a sayo bindigar.

Ni Barira, daga Maraɗi na zo. Lokacin da jami'a ta buɗe wannan sashe da ya haɗa fizik da shimi, kimiyyar sinadarai ke nan, da ilimin halin kaya, wato ƙarfe da laka da gilas da dangoginsu, ina cikin ƴan farko. An ce mana gata ne, malami uku a kan ɗalibi ɗaya. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne malaman ba sa ga maciji da juna. Mushe Sumana na fizik (mushe muke ce wa malami, daga Faransanci) yana cewa shimi girki ne da farar riga. Mushe Idi na shimi yana cewa ƴan fizik mutane ne masu auna abin da ba su san sunansa ba. Na ukun, Mushe Lawali, shi ne masanin halin kaya, amma a Faransa yake zaune, sai sanyi ya shigo yake leƙo mu, shi ya sa muke ce masa Mai Jirgi. Ko wurin zama ban samu ba. Fizik suka ce in je shimi, shimi suka ce in koma fizik, ƙarshe aka ba ni wani lungu a tsakaninsu inda ake tara karyayyun kujeru. Makullin sikeli yana wannan gini, makullin asid yana wancan. Rabin karatuna tafiyar ƙasa ce.

Mai Jirgi ya so in yi bincike a kan alminiyom irin na fukafukin jirgin sama. Muka duba duk Yamai, ba mai ƙera jirgi. Wurin da ake narka alminiyom ɗaya ne, wajen masu zubin tukwane a Bukoki. Da Inna ta ji a kan tukwane zan yi binciken, bayan ta gama baza wa ƴan unguwa cewa karatun likita nake, sai ta ce, "Tukunya? To me ya kai ki Yamai? Ga su nan jibge a gidana, ban taɓa ganin kin wanke ɗaya da daɗin rai ba."

Rumfar da na fara zuwa ta Baba Ila ce, wani dattijo mutumin Tawa, mai ma'aikata da yawa da murya kamar ta mai kiran kasuwa. Na gabatar da kaina da takardar jami'a, ya karɓa ya fifita wuta da ita. Ya ce in dai kallo na zo yi, to in riƙa juya ƙafar keken nan ina kallon. Ƙafar keke ce ke juya zugazugi, zugazugi na hura gawayi, a kan gawayin kuma akwai guntun tukunyar gas da aka yanke, a ciki ake narka kaya. Kayan kuwa duk abin da Allah ya hore ne: gwangwanin lemo, ƙarfen taga, fistan na mota, tsohuwar radiyata, matattun tukwane. Idan ya narke sai a kwashe dattin da ya taso. A gefe ana danna ƙasa mai laima a akwatin katako, a kife tukunya mai kyau a ciki ta bar siffarta, a cire ta, a zuba narkakken ƙarfen a gurbin. In laimar ƙasar ta yi yawa, ƙarfen ya yi tsalle ya nemi ƙafarka. In ta yi kaɗan, ƙasar ta rufta. Babu littafin da ke labo da ya gaya mini haka, babu kuma wanda ke rumfar da ya taɓa ganin cikin ƙarfensa. Ni ce na fara kai musu hoto.

Hoton nan, ku da kuke ganin sauƙi, ga yadda ake samunsa. Ka yanki gefen tukunya da zarto. Ka goge da takarda mai kaushi, ka koma mai laushi, ka koma wadda ta fi ta, har ƙarfen ya zama madubi, yatsunka kuma su daina jin zafin shayi. Ka ɗiga masa asid kaɗan, ka sa a ƙarƙashin mikroskop. In an ɗauke wuta, ka zauna ka jira. A nan na ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen, waɗanda bai kamata a ce suna wurin ba.

Mushe Idi ya ce a tafasa binegar, ruwan tsamin nan na Turawa, a tukwanen, haka dokar Turai ta ce, a auna abin da ya fito. Na ce to, amma ban san gidan da ake tuwo da miyar binegar a Nijar ba. Na yi nasa, na kuma yi nawa. Na jera risho a lunguna, ina dafa miyar yakuwa da kunun tsamiya da tumatir, kowace tukunya da lambarta. Sai in tace ruwan in kai wa wata na'ura da ke shimi, mai ƙona ɗigon ruwa a harshen wuta ta karanta abin da ke ciki. Amsar ta fito, kuma ba ta yi daɗi ba. A wasu tukwanen, ba duka ba, tsami yana jawo dalma ya zuba a miya. Dalma ta gaske nake nufi, mai nauyin nan ta cikin batir, wadda ba ta kashe mutum yau ko gobe, sai dai ta yi ta taruwa a jikin yara tana dakushe musu ƙwaƙwalwa.

Na koma Bukoki na durƙusa na gaida Baba Ila, na ce, "Baba, na zo muku da magana marar daɗi. Akwai dalma a cikin tukwanenku."

Ya dube ni, ya dubi ma'aikatansa. Ya ce, "Ɗiyata, tun yaushe kike lakwal?"

Na ce tun ina ƙarama nake makaranta.

Sai ya ɗaga murya. "Ku taho ku ji! Ɗiyar nan ta gano akwai dalma a tukunyar dalma. Gobe sai ta shiga kasuwar Wadata ta gano akwai yadi a wurin teloli."

Aka yi ta dariya har mai juya keke ya saki keken. Ai kun sani, a bakin mutane tukunyar alminiyom sunanta tukunyar dalma. Abu biyu ne suke amsa suna ɗaya. Na ɗauko guntun gwangwani da aka dunƙule na sa masa a hannun dama, na ɗauko kan batir na sa masa a hagu. Ya jijjiga su, ya ce, "Wannan ai baƙar dalma ce, wadda masunta ke ɗaura wa taru. Mu ba ma zuba ta." Na ce ba da gangan suke zubawa ba, a maƙale take shigowa cikin kaya. Ya ce shi da ƴaƴansa da jikokinsa a tukwanen nan suke ci, kuma ba wanda ya dakushe sai surukinsa, shi kuwa haka aka kawo shi. Amma bai kore ni ba. Ya ce in je in gano ta inda take shiga, in dawo. Da a nan maganar ta tsaya, da cikin lalama muka gama.

Sai wata ranar da azahar, na bar miya a kan wuta na tafi neman makullin asid. Ina dawowa na tarar da Mushe Sumana a lunguna, ya samu kujera mai ƙafa uku ya jingina da bango, ga burodi a hannu, yana dangwala. Ya ce, "Madmazel Barira, ƙamshin nan ya hana fizik aiki. Ashe ƴan shimi na da amfani."

Na ce, "Mushe, daga wace tukunya kuka ci?"

Ya ce, "Ta ƙarshen can. Ta fi kauri."

Na ce, "Ta fi kauri don tun safe take tafasa. Kuma ita ce ta fi duka dalma."

Ban taɓa ganin farfesa ya yi gudu ba sai ranar. Ya aika aka sayo masa madara, ya shanye, ya tari taksi zuwa likita. Aka duba shi aka ce ci ɗaya ba ya komai, ya tafi gida. Amma daga ranar ya zama shaida. Mutumin da bai taɓa karanta shafi ɗaya na aikina ba, ya koma ba shi da zance sai shi. A wani taron jami'a wani ɗan radiyo ya miƙa masa abin magana, ya ce shi da kansa ya kusa rasa ransa saboda ilimi, kuma bincikensa ya nuna akwai guba a tukwanen da ake zubawa a gari. Da Faransanci ya yi maganar, a can kuwa kowace dalma da sunanta. Mai fassara ya zo labaran Hausa ya ce, jami'a ta tabbatar tukunyar dalma na ɗauke da gubar dalma. Duk matar da ta ji, abin da ta fahimta shi ne tukunyar kanta gubar ce.

Wannan ita ce muguwar shekarar. Lokacin bukukuwa ne, lokacin da ake saya wa amare jeren tukwane. Wani dillali a Wadata ya maido wa Baba Ila kura guda cike da kaya. Wata mata ta taso tun daga Talaje da tukunyar da ta yi shekaru tana girki a ciki, ta dire masa a gaba ta ce ya ci abinsa. Rumfunan da ba su taɓa ganina ba su ma abin ya shafe su. Ma'aikatan Baba suka fara zarewa, wasu suka tafi haƙar zinariya arewa, wasu suka koma kabu-kabu. Na je, na yi sallama, ba wanda ya amsa. Baba yana zaune kusa da murhu a kashe. Ya ce, "Na ba ki wurin zama, na ba ki tukunya, na ce je ki dawo. Ban ce ki biya ta radiyo ba." Na ce ba ni ba ce. Ya ce, "Miyar wa malamin naku ya ci?" Na tashi na tafi.

A jami'a kuwa, fizik suka ce guba maganar shimi ce. Shimi suka ce bakin da ya yi maganar na fizik ne. Mai Jirgi ya rubuto cewa ko in bar ƙarfe in koma binciken laka, don laka ba ta da ƙungiya. Gas ɗin na'urar shimi ya ƙare, aka ce sai an yi taro kafin a sayo, taron kuma sai an yi taron shirya shi. Ga zafi, ga ɗauke wuta. Na zauna a lunguna da tukwane masu lamba da ba mai son gani, na lissafa abin da ya rage mini: ko in koma Maraɗi in wanke na Inna, ko in koma Bukoki a zage ni. Na ga zagin Bukoki ya fi sauƙi.

Na sayi buhun gawayi, na sa a kura, na bi ta a baya har rumfar. Na ce, "Baba, wutarku a kashe take. Ku ara mini." Ya ce, "Ɗauki, ki ƙone da ita." A bakin mutumin Tawa mai fushi, wannan izini ne. Na zauna na rarraba tarin kayansa kashi-kashi, gwangwani daban, ƙarfen taga daban, fistan daban, radiyata daban, tarkacen gareji daban. Niyyata in zuba ƙaramar tukunya daga kowane kashi shi kaɗai, in ga wane ne ɓarawon. Ya yi kwanaki yana kallona ina ɓata masa ƙasa. Ranar da na kusa zuba wa kaina ƙarfe a ƙafa ya taso ya ƙwace ludayin, ya ce ba za a ce mace ta mutu a rumfarsa a ƙara masa wani labarin radiyon ba. Daga nan shi ke zubi, ni ke rabo.

Tukunyar gwangwani zalla ta fito tsaf ba baƙar dalma, amma ta fito da huji kamar rariya, ko ruwa ba ta riƙewa. Baba ya ce shi ya sa suke son kayan mota, su ne ke sa ƙarfe ya gudana ya cika gurbi, ko da yake bai san dalili ba. Dalilin na samo wurin Mai Jirgi: a cikin fistan akwai silisiyom, ɗan'uwan yashi, shi ne ke tsinka narkakken ƙarfe. Ashe ba za a ce a daina kayan mota ba, sai dai a san wanne. Na je na gaya wa Mushe Idi cewa ƴan fizik sun ce shimi ba ta iya gane dalma in babu na'ura. Ba su ce ba, amma na san za su iya cewa. Kafin mako ya zagayo ya haɗa mini wani garin magani, a jiƙa, a shafa wa ƙarfe da auduga, in ya yi ja to akwai ta. Na je na gaya wa Mushe Sumana abin da shimi ta yi. Shi da ma kunya na cinsa, sai ya fito da sikelinsa da bai taɓa bari ya ƙetare gadar da ke tsakanin jami'a da gari ba, ya koya mini auna guntun ƙarfe a iska da cikin ruwa, don a gane wanda nauyinsa ya wuce girmansa. Haka malaman nan uku suka yi aiki tare ba tare da sun sani ba, kuma har yau ban gaya musu ba.

Ɓarayin suka fito. Likin da ke jikin tsofaffin radiyata, da kan batir da ke shigowa cikin tarkacen gareji, da ƴan guntayen nauyin nan da ake maƙala wa ƙafar mota don kada ta yi rawa. Ƙanana ne, hannu ɗaya ya ishe su, amma guda in ya faɗa narki ya ɓata zubin yini. Muka cire su, muka haɗa gwangwani da fistan mai tsabta, tukunya ta fito sumul, na shafa auduga ba ja. Baba ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "To. Wa zai saya?"

Na nemi ɗan radiyon nan na ce wannan karon ni zan yi magana, kuma da Hausa. Na yi bayanin farar dalma da baƙar dalma dalla-dalla. Ina jin mutum goma ne suka saurara, cikinsu har da Inna, wadda ta ce muryata ta yi kama da ta mai mura. Labarin tsoro yana da ƙafa, gyaransa kuwa gurgu ne. Abin da ya dawo da masu saye daban ne. Matan da suka koma tukwanen kanti marasa kauri sun gaji da ƙonon tuwo. Masu dafa abincin biki su suka fara dawowa, suna tambaya a hankali ko akwai wadda ba ta kisa. Sai Baba ya sa aka zana ɗan kifi a murfin tukwanensa, alamar an tsince kayan. Kasuwa ta ɗan motsa. Ba ta koma yadda take ba, rabin ma'aikatansa ba su dawo ba har ya rasu, amma wutar ba ta sake mutuwa ba.

Sai dai ku tuna yadda ake zubi: tukunya ake kifewa a ƙasa ta bar siffarta. Duk wanda ya sayi murfi mai kifi ya samu kifi. Kafin damina ta wuce, kifi ya cika Yamai, har a rumfunan da ba su taɓa tsince ko ƙusa ba. Na gama digirin, ranar kare shi malamaina sun fi daɗewa a kan sunan wa zai zo farko fiye da tambayoyin da suka yi mini. Na zama Dakta. Aikin kuwa bai ƙare ba, don haka har yau kuke ganina da auduga a jaka. Ɗan Baba Ila da ke riƙe da rumfar yana tsincewa, wasu rumfunan ma sun koya, wasu kuma sai sun hango ni suke tunawa.

Makon jiya na shiga Wadata, wata mai sayar da tukwane ta tare ni. Ta ce, "Hajiya, zo ki ga mai kifi. Wannan ba irin na banza ba ce, wata babbar dakta ta jami'a ce ta gwada ta da hannunta."

Na ce, "Allah? Kin san ta?"

Ta ce, "Farin sani. Baiwar Allah, ai ta rasu. Gubar da ta yi ta gwadawa ce ta ci ta. Allah ya jiƙanta."

Na ce amin, don ba a mayar da addu'a. Na sayi tukunyar na kawo labo, na shafa mata auduga, ta yi ja kamar an yanka kaza. Ga ta nan a kan tebur. Bindigarku za ta gaya muku abin da ke cikinta kafin ku ƙifta ido, ni ma na sani. Abin da nake so ku gano shi ne rumfar da ta zuba ta, da abin da ya faɗa narkin, sannan ku zauna da mai rumfar ku gaya masa ta yadda gobe zai sake amsa sallamarku. Kai mai duba takalmi, kai za ka ɗauke ta. Ku sa takalma rufaffu. In mai tukwanen ta tambaye ku wa ya aiko ku, ku ce marigayiya ce.